Sabuwar Waya da Ƙarewar Data: Ina Gaskiyar Lissafin Take?

Sharhin na yau ya shafi wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin masu amfani da wayar salula a Najeriya, wato cewa data ba ta daɗewa, ƙorafin da yakan tsananta a daidai lokacin da mutum ya rabu da tsohuwar wayarsa ya sayi sabuwa. Abin da ake kira data shi ne adadin bayanan da waya ke aikawa da waɗanda take karɓa ta intanet, ko rubutu ne ko hoto ko murya ko bidiyo, ana kuma auna shi da megabayit da gigabayit, inda megabayit kimanin 1,000 ke yin gigabayit ɗaya, wanda matasa da 'yan kasuwa suka taƙaita suna ce masa giga. Kamfanonin sadarwa suna sayar da ita ne a ƙunshe, kowane ƙunshi kuma yana da iyaka biyu, iyakar adadi da iyakar kwanaki, duk wadda ta riga zuwa ita ce ke katse wa mai waya hanya.

Kafin a shiga maganar ƙarewar data, ya kamata a fara da dalilin sauya wayar, domin akwai masu ɗaukar duk wanda ya sayi sabuwar waya a matsayin mai son burga, alhali kuwa mafi yawan masu sauyawa tilas ce ta sa su. Tun daga shekarar 2001 da kamfanonin Econet da MTN suka fara harkar wayar salula a ƙasar nan, fasahar da ke ɗauke da sadarwar ta bi matakai da ake yi wa laƙabi da 2G da 3G da 4G da 5G, kowane mataki yana ɗaukar bayanai da sauri fiye da na bayansa, kuma wayar da aka ƙera domin wani mataki ba ta iya hawa na gabansa. A ɗaya ɓangaren kuma masu manhajoji, wato shirye-shiryen da ake sakawa a waya domin gudanar da wani aiki, sukan daina kula da tsofaffin wayoyi bayan wani lokaci. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Android da tsarinsu bai kai na 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar tsofaffin iPhone irin su 5s da 6 da 6 Plus. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya ƙara tura dubban 'yan kasuwa zuwa manhajojin banki, ta yadda mai shago a Kantin Kwari ko mai sayar da hatsi a Dawanau da a da ƙaramar waya mai madannai ta ishe shi, yanzu ba ya iya tabbatar da shigar kuɗin cinikinsa sai da babbar waya, wadda ake kira komai-da-ruwanka.

Sai dai wannan tilas ta zo ne a lokacin da wayar ta fi kowane lokaci tsada. Kusan duk wayoyin da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, mafi yawa daga ƙasar Sin, inda kamfanin Transsion mai hedikwata a Shenzhen, wanda ke ƙera Tecno da Infinix da Itel, yake riƙe da kaso mafi girma na kasuwar Afirka. Da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni na 2023, dalar Amurka da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024, farashin wayoyi kuma ya bi ta. Wannan ne ya sa a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, da kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, ciniki ya fi karkata ga wayar da aka riga aka yi amfani da ita, da musaya, inda mutum ke miƙa tsohuwarsa ya yi ciko, da kuma sayen waya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, wanda a wasu tsare-tsarensa akan kulle wayar daga nesa idan mai ita ya yi jinkirin biya. Duk hankalin mai saye yakan tattaru ne a kan wannan kuɗi na rana ɗaya, ya tambayi girman ma'adana da ƙarfin batir da kyan kyamara, amma da wuya a ji ya tambayi nawa wayar za ta riƙa ci masa a kowane wata. Mutanen da can da suka saba da kiwon doki sun san cewa kuɗin sayensa ba shi ne nauyin ba, nauyin yana ga harawa da dawar da zai ci kullum, kuma wannan shi ne matsayin data a wurin babbar waya.

Cin datar yakan fara ne tun a teburin mai saye da sayarwa. Da zarar an ɓare kwalin an saka layi, yaron shago zai shigar da adireshin imel na mai wayar, nan take kuma wayar za ta shiga sauke manhajojin da ke tsohuwar, ta sabunta waɗanda kamfani ya riga ya zuba mata tun daga masana'anta, ta nemi sabon tsarin aikinta wanda shi kaɗai yana iya haura giga ɗaya, sannan WhatsApp ya tambaya ko a dawo da tsofaffin saƙonni da hotuna da bidiyoyi na shekaru daga ma'ajiyar intanet. Mai wayar yana tsaye yana zaɓen riga da gilashin kariya, bai buɗe ko saƙo ɗaya ba, amma ƙunshin da ya saba yin mako biyu da shi ya riga ya yi nisa. Idan saƙon gargaɗi ya iso da yamma cewa datarsa ta kusa ƙarewa, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne kamfani ya zuƙe masa, domin a iya saninsa bai taɓa komai ba.

Wannan na ranar farko ne kawai, babban sauyin yana cikin bidiyo, kuma a nan ne ya dace a tsaya a yi bayani dalla-dalla. Kowane hoto da ke fuskar waya an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksel, yawansu kuma shi ne ke sa hoto ya fito tangaran ko ya yi dishi-dishi. Bidiyon da aka yi wa alamar 480p yana da ɗigo kimanin 410,000 a kowane hoto, na 720p yana da kimanin 920,000, na 1080p ya ɗan haura miliyan 2, na 4K kuwa ya haura miliyan 8. Ke nan bidiyon 1080p yana ɗauke da ɗigo ninki biyar na bidiyon 480p, kuma ko da yake dabarar matse bayanai tana rage bambancin, ba ta kawar da shi. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon sa'a ɗaya yana iya cin giga ɗaya a matsakaicin haske, ya kai giga 3 a babban haske, ya kai giga 7 a 4K. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba mai kallo ne ke zaɓar matakin ba sai idan ya shiga ya saita da hannunsa, manhajar ce ke auna saurin sabis da ingancin fuskar wayar, ta ɗauko mafi girman abin da suke iya ɗauka. Saboda haka magidancin da ya saba kallon Labarina ko Izzar So a YouTube, ko yake bin tafsirin azumi kai tsaye a Facebook, zai iya kallon adadin sa'o'in da ya saba ba tare da ƙarin ko minti ɗaya ba, amma sabuwar wayar ta ci ninki biyu ko uku na abin da tsohuwar take ci, saboda kawai ta fi ta ƙarfin jawowa.

Sauri shi kansa yana da nasa lissafin. Ana auna saurin intanet da megabit a daƙiƙa, megabit 8 kuma su ne megabayit ɗaya, don haka layin da ke gudu a kan megabit 8 yana iya sauke giga ɗaya cikin minti 17 ko kusa da haka, wanda ke gudu a kan megabit 40 kuwa zai gama da ita cikin ƙasa da minti 4. Gaskiya ne cewa sauri ba ya ƙara wa fayil nauyi, hoton da yake megabayit 3 a kan 3G yana nan megabayit 3 a kan 5G, amma sauri yana kawar da jiran da a da yake taƙaita amfani. Manhajojin gajerun bidiyo irin su TikTok da Instagram sukan riga mai kallo sauke bidiyoyin da ke gaba domin kada ya ga tsaiko, ta yadda har wanda ya wuce da yatsa bai kalla ba an riga an caje shi a kansa. A kan wannan sai a ƙara kyamarar zamani mai ɗaukar hoto mai nauyi, da ma'ajiyar hotuna da ke kwashe su zuwa intanet idan an ba ta izini, da zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa da na 'yan makaranta waɗanda kowane bidiyon da aka tura a cikinsu yake sauka da kansa, da kuma raba data ga yara da maƙwabta ta hanyar da ake kira hotsifot.

Wannan bayani shi ne wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fi jingina da shi. A 2024, ƙarƙashin shugabancin Dakta Aminu Maida, hukumar ta umarci kamfanonin da su sa masu bincike masu zaman kansu su duba tsarin da suke lissafa data da shi, daga baya kuma ta danganta mafi yawan ƙorafin da ingancin wayoyin zamani da ayyukan da manhajoji ke yi a ɓoye. Ta fuskar fasaha wannan magana tana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da ita don kawai ba ta yi wa mai ƙorafi daɗi ba. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a watan Janairu na 2025 datar da 'yan Najeriya suka yi amfani da ita a wata guda ta haura terabayit miliyan ɗaya, terabayit ɗaya kuma giga 1,000 ne, wanda ke nuna cewa cin ya ƙaru da gaske, ba zato ba ne.

Amma kuskure ne babba a tsaya a nan, a ɗora wa mai waya dukan laifin kamar rashin saninsa ne kaɗai matsalar. Idan sabuwar waya ta bayyana dalilin da ya sa adadi ke saurin ƙarewa, ba ta bayyana dalilin da ya sa ƙunshin da aka biya kuɗinsa yake mutuwa bayan kwana ɗaya ko bakwai ko talatin alhali da saura a ciki ba. Wannan iyaka ta kwanaki ba fasaha ce ta kawo ta ba, tsarin kasuwanci ne da kamfanoni suka zaɓa, kuma nauyinsa ya fi sauka a kan talaka, domin mai hali yana sayen babban ƙunshi na wata inda kowace giga ke zuwa masa da rahusa, shi kuwa ɗan acaba ko mai sayar da ruwa da ke sayen ta naira 100 ko 200 a kullum yana biyan farashi mafi tsada a kan kowace megabayit, kuma shi ne ya fi yawan asarar ragowa. Tun 2018 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa mayar wa mutum ragowar datarsa idan ya sabunta ƙunshin a cikin wa'adin da aka ƙayyade, wanda mataki ne mai kyau, sai dai sharaɗin sabuntawar yana nufin wanda ba shi da kuɗin sake saye a wannan lokaci ya rasa abin da ya riga ya biya.

Akwai kuma ruɗanin da ke cikin tallan kansa. Ƙunshin da aka rubuta masa giga 3 a allon talla yana iya kasancewa rabinsa ba ya aiki sai tsakar dare, ko an keɓe wani sashe nasa ga manhaja ɗaya, ko kuma garaɓasa ce mai wa'adin da bai kai na asalin ƙunshin ba. Wanda ake tallatawa da sunan marar iyaka kuwa yawanci yana da wani sharaɗi a ƙananan rubutu, wanda ke cewa idan mai amfani ya kai wani adadi za a rage masa sauri har zuwa ƙarshen wata, ragin da kan kai matsayin da ko bidiyo ba ya buɗewa. Kiran irin wannan ƙunshi marar iyaka ba gaskiya ba ne, ko da doka ba ta hana ba. Hukumar ta amince da cewa ruɗanin ya yi yawa, shi ya sa a watan Yuli na 2024 ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi, wadda ta taƙaita wa kowane kamfani tsarin farashi 7 da ƙunshi 100, ta kuma wajabta bayyana sharuɗɗan garaɓasa a fili. Ƙunshi 100 a kamfani ɗaya har yanzu ya fi ƙarfin abin da mai saye zai iya kwatantawa a fuskar waya, musamman idan duk bayanin da Turanci aka rubuta shi, alhali miliyoyin masu layi a Arewa da Hausa suke karatu, ko da boko ko da ajami, wasu kuma sai an karanta musu.

A kan wannan hali ne ƙarin farashi ya sauka. A ranar 20 ga Janairu, 2025, NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da saƙo da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan su sun nemi kashi 100, hukumar tana mai cewa rabon da a sake duba farashin tun 2013. Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce, domin yawancin ƙarafan sabis da man dizal suke aiki, kayan aikin kuma da dala ake sayo su, ga yawan yanke wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya da ɓarayi ke yi, har MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024. Duk da haka yadda aka aiwatar da ƙarin ya ƙara wa jama'a rashin yarda, domin a watan Fabrairu na 2025 wani ƙunshin MTN na giga 15 na mako guda ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000, wato ninki uku, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma ta yi barazanar zanga-zanga da ƙaurace wa layukan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, idan ya kashe naira 7,000 a wata a kan data ya ba da kashi 10 cikin 100 na albashinsa ke nan, alhali ma'aunin da Hukumar Faɗaɗa Intanet ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a gaba shi ne kada ƙaramin ƙunshi ya kai kashi 2 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar mutum a wata.

Maganar 5G ba ta buƙatar dogon bayani. Kamfanonin MTN da Mafab sun sayi lasisinta a watan Disamba na 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, MTN ya fara aiki da ita a 2022 a wasu birane da suka haɗa da Legas da Abuja da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har zuwa 2025 layukan da ke kanta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, yayin da kaso mai yawa na masu layi ke kan 2G. Wanda ke zaune inda 4G ma sai an fita tsakar gida ake samunta, ya ƙara dubban nairori domin tambarin 5G a jikin kwali, ya sayi abin da ba zai mora ba. Abin da ya fi cancantar tambaya a shago shi ne shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko wa wayar gyaran tsaro, wato sabuntawar da ke toshe kafofin da 'yan damfara ke bi, tun da yanzu asusun bankin mutum a cikin wayarsa yake. Samsung da Google sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, Tarayyar Turai kuma tun daga watan Yuni na 2025 ta wajabta aƙalla shekara 5 ga wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta, amma ƙananan wayoyin da suka cika kasuwannin Arewa sau da yawa ba su samun kusa da haka, wanda shi ne ke sa a sake komawa kasuwa da wuri.

Akwai abin da mai waya zai iya yi da hannunsa, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. A cikin saitin kowace wayar Android akwai shafin da ke jera manhajoji ɗaya bayan ɗaya tare da adadin datar da kowacce ta ci a wata, har ya raba wadda aka ci ana kallo da wadda aka ci a ɓoye, kuma a nan ne mutum kan tarar cewa manhajar da bai buɗe ba tun ranar da ya sayi wayar tana cikin na sama. A wurin akwai makunnin tsimin data, wanda Android ke da shi tun 2016, iPhone kuma tun 2019, ana kuma iya hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, a mayar da YouTube kan 480p wanda ya wadatar a fuskar waya, a hana manhajoji sabunta kansu sai inda akwai intanet na gida ko na ofis. Kyautatuwa ya yi masu shagunan waya da ƙungiyoyinsu su mayar da wannan saiti wani ɓangare na ciniki, kamar yadda suke liƙa gilashin kariya kafin mai saye ya bar shago.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma akwai misali a nahiyar nan. Bayan gangamin neman rage kuɗin data da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016, hukumar sadarwar ƙasar, ICASA, ta fara aiki da dokoki a 2019 waɗanda suka wajabta sanar da mai layi idan ya cinye kashi 50 da 80 da 100 na ƙunshinsa, suka ba shi damar ɗage ragowa da tura ta ga wani, suka kuma hana cin kuɗin katinsa bayan ƙarewar ƙunshi sai da yardarsa. Abin da ake nema daga NCC da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, shi ne su wajabta wa kowane kamfani aika wa mai layi bayanin abin da ya ci a kullum kyauta, cikin harshen da ya zaɓa har da Hausa, su hana kiran ƙunshi marar iyaka matuƙar ana rage masa sauri, su tsawaita wa'adin ƙananan ƙunshi waɗanda talaka ke saye, su kuma wallafa cikakken sakamakon binciken lissafin da aka yi domin masana masu zaman kansu su duba.

Mai layin da yake ganin an ci masa data ba bisa ƙa'ida ba, ya fara duba ragowarsa ta lambar *323#, wadda ke aiki a dukan layuka tun 2023, ya kwatanta da abin da wayarsa ta rubuta, sannan ya kira kamfaninsa a lamba 300 ya karɓi lambar shaidar ƙorafi. Idan ba a warware masa ba, sai ya kira NCC a lamba 622, kiran kuma kyauta ne.